Kare da Tauna Ƙanƙara: Ina Haɗarin Gaske, Ina Jita-jita?

Duk lokacin da zafi ya tsananta, wani tsohon saƙo yakan farfaɗo a shafukan sada zumunta yana gargaɗin masu kiwon karnuka kada su kuskura su ba kare ƙanƙara ko ruwan ƙanƙara, wai cikinsa zai kumbura ya mutu. A gefe guda kuma ga bidiyon karnuka suna gurgurar ƙanƙara cikin nishaɗi, ga likitocin dabbobi da kansu suna cewa a ba karen da ke amai ƙanƙara ya lasa. Mai kare ya rasa maganar wa zai kama.

Son ƙanƙara ɗabi'a ce da aka saba gani a karnuka masu lafiya, kuma ƙanƙarar da aka yi da ruwa mai tsabta ba guba ba ce. Amma tana da haɗari, kuma haɗarin yana baki ne, a haƙori da maƙogwaro, wato inda wancan saƙo bai ko waiwaya ba. Girman haɗarin ya danganta da siffar ƙanƙarar, da irin karen, da yadda yake cin ta.

## Lasa, tauna da haɗiya

Rabin ruɗanin da ake yi ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya. Idan aka ce kare "yana cin ƙanƙara", ana iya nufin yana lasar ta har ta narke, wanda bai bambanta da shan ruwa sannu a hankali ba. Ana iya nufin yana kai ta can ƙuryar baki ya danne da turame har ta fashe, kuma nan ne maganar karyewar haƙori take. Ana kuma iya nufin yana cafke ta ya haɗiye ɗungurungum, wanda shi ke kawo shaƙewa da amai. Likitan da ya ce ƙanƙara ba ta da laifi yawanci lasa yake nufi. Wanda ya ce a guje ta, tauna yake nufi.

Ita ma ƙanƙarar ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka ciro yanzu daga firiza, inda sanyi yake kusan digiri 18 ƙasa da sifili, ta fi wadda ta fara narkewa tauri, domin ƙanƙara tana ƙara ƙarfi gwargwadon yadda sanyinta ya ƙaru. Dunƙule guda mai kusurwa huɗu daban yake da wadda aka farfasa ta zama tsaki-tsaki, ko aka niƙa ta yi laushi.

## Me ke jan kare zuwa gare ta

Kare ba ya zufa a fatar jikinsa yadda mutum yake yi. Ɗan gumin da yake fitarwa a tafin ƙafa yake, kuma bai taka kara ya karya ba wajen sanyaya jiki. Babbar hanyarsa ita ce haki: yana zaro harshe, iska tana shiga tana fita da sauri, danshin harshe da hanci da maƙogwaro yana bushewa yana tafiya da zafi. Saboda haka bakin kare ne wurin da yake fara jin zafi da bushewa, kuma duk abin da ya sanyaya wurin zai yi masa daɗi.

Bayan wannan akwai son tauna kanta. Kare dabba ne da aka halitta da muƙamuƙin gwaigwaya, kuma tauna tana kwantar masa da hankali, tana rage masa kaɗaici. Ƙanƙara tana ƙara, tana sulɓewa a ƙasa yana bin ta, tana fashewa a baki. Ga kare wannan wasa ne da abin ci a haɗe. Wasu kuma koyo suka yi: sun lura duk lokacin da aka buɗe firiza wani abu yakan faɗo ko a miƙo musu, sai ƙarar buɗewar ta zama kira.

Kwikwiyo yana da nasa dalili. Yana da haƙoran nono 28, waɗanda suke fara zubewa daga wajen wata 3 zuwa 4, manya 42 su maye gurbinsu, a kammala wajen wata 6 zuwa 7. A tsakanin nan dasashinsa yana ƙaiƙayi da ciwo, sanyi kuwa yana kashe raɗaɗin na ɗan lokaci.

## Haƙori: inda ainihin matsalar take

Mutane da yawa suna ɗauka haƙorin kare ya fi na mutum ƙarfi tunda suna ganin yana fasa ƙashi. Ƙarfin a muƙamuƙi yake. Shi haƙorin, farin ɓawon da ya lulluɓe shi, wanda likitoci ke kira inamel, siriri ne ƙwarai: a galibin wurare bai kai milimita ɗaya ba, alhali na mutum yakan kai milimita biyu ko fiye a kan turame. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai ɗan laushi da launin ruwan ƙwai, sai kuma can tsakiya ramin da jijiya da hanyoyin jini suke. Muƙamuƙi mai ƙarfi da ɓawo siriri, idan suka haɗu da abu mai tauri da ba ya lanƙwasa, haƙori ne yake biyan kuɗin.

Yanayin taunar ma yana da hannu. Muƙamuƙin kare sama da ƙasa yake motsi, ba ya niƙa gefe da gefe kamar na saniya. A kowane ɓangare akwai babban haƙori a sama da wani a ƙasa waɗanda suke gogar juna kamar bakin almakashi, aikinsu yanka nama da jijiya. Idan dunƙulen ƙanƙara ya shiga tsakaninsu, ƙarfin cizon yakan taru a tsinin haƙorin sama yana tura shi waje. Abin da ke faruwa shi ne gefen haƙorin da ke fuskantar kumatu ya ɓantare kamar an fere shi, wani lokaci ɓantaren ya tsaya maƙale da dasashi. Wannan babban haƙorin sama, na huɗu a jerin ƙananan turame, yana cikin waɗanda likitocin dabbobi suka fi ganin sun karye, tare da fiƙoƙi. Dalilin da ya sa likitocin haƙoran dabbobi suke lissafa dunƙulen ƙanƙara a sahu ɗaya da ƙashi da ƙaho da kofato da kayan wasa na roba mai tauri ke nan.

Karyewar iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai kare. Idan ɓawo ne kawai ya ɓantare ba a kai ga jijiya ba, haƙorin zai riƙa tsami idan sanyi ya taɓa shi, kuma likita yana iya goge kaifin ya shafe wurin da abin toshewa, bayan ya ɗauki hoton haƙorin ya tabbatar saiwar lafiya take. Idan kuwa ramin jijiya ya buɗe, za a ga ɗigo ja ko ruwan hoda a tsakiyar wurin da ya karye, daga baya ya koma baƙi. Wannan ƙofa ce da ƙwayoyin cuta na baki za su bi su gangara har saiwa. Jijiyar ta mutu, mugunya ta taru a ƙashin muƙamuƙi. Tunda saiwoyin wancan babban haƙori guda uku ne kuma suna ƙarƙashin ido, sau da yawa alamar farko da mai kare zai gani ita ce kumburi a ƙasan ido, wanda yakan fashe ya warke ya sake dawowa. Mutane sukan ɗauka cizon ƙwaro ne ko ciwon ido, su yi ta shafa magani a waje, alhali tushen yana cikin baki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana saukar da kumburin na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da shi. Mafita biyu ce: a cire haƙorin, ko a kwashe mataccen abin da ke cikin ramin a cike shi. Duka biyun sai an sa kare barci da allura, kuma cire haƙori mai saiwa uku tiyata ce sosai, sai an raba shi gida-gida.

Abin da ke sa wannan ciwo ya daɗe ba a gano ba shi ne kare ba ya daina cin abinci saboda ciwon haƙori. Yana komawa tauna da ɗaya gefen, ko ya riƙa haɗiye abinci ba tauna. Mai lura zai ga abinci yana faɗowa daga bakinsa, ko yana kawar da kai idan an taɓa masa fuska, ko yana goga baki da ƙafa, ko dattin haƙori ya fi taruwa a gefe guda saboda ya daina amfani da shi. Haƙorin da ya canza launi ya koma ruwan hoda, shunayya ko toka, ko da bai karye ba, alama ce cewa jijiyarsa ta ji rauni daga ciki, kuma galibin irin waɗannan haƙora sun riga sun mutu.

Akwai kuma lalacewa ta sannu a hankali. Karen da yake tauna abu mai tauri kullum, tsinin haƙoransa yana cinyewa ya zama a kwance. Idan cinyewar a hankali take, haƙori yakan gina sabon sashe daga ciki ya kare jijiyarsa, sai a ga ɗigo mai ruwan ƙasa, santsi. Idan ta yi sauri, ramin ya buɗe kamar dai an karya shi.

Haƙorin nono na kwikwiyo ya fi kowanne saurin karyewa saboda siriri ne kuma dogo. Kada a ce ai zai zube ne a bar shi. Haƙorin da zai maye gurbinsa yana kwance dab da saiwarsa, kuma ciwon da ya shiga ta karyayyen haƙorin nono yana iya ɓata shi tun kafin ya huda dasashi.

## Asalin maganar kumburin ciki

Labarin da ya tsorata mutane ya fara yawo a intanet tun wajen 2007, ya kuma bazu sosai a Facebook a 2014. Yana ba da labarin wani kare da aka ba ruwan ƙanƙara bayan ya sha zafi, cikinsa ya kumbura, aka yi masa tiyatar gaggawa, wai likita ya ce sanyin ne ya haddasa kumburin. Likitocin dabbobi da dama a Amurka, har da na ƙungiyar kare dabbobi ta ASPCA, sun fito a lokacin sun ce ƙanƙara ba ta haddasa wannan ciwo.

Ciwon da labarin ya ambata kuwa gaskiya ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Tumbin kare yana cika da iska da ruwa ya kumbura, sannan ya juya ya murɗe, mashiga da mafita su toshe. Jini ya daina isa bangon tumbin, kumburin ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. Ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji kamar Great Dane, Saint Bernard, Weimaraner da karen makiyaya na Jamus. Binciken da aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka wallafa wajen shekarar 2000, ya danganta shi da tsufa, da gado daga uwa ko uba ko ɗan'uwa da ya taɓa yi, da saurin cin abinci, da ɗora kwanon abinci a wuri mai tudu. Ba kare abinci mai yawa sau ɗaya tak a rana ma yana cikin abubuwan da ake zargi.

To me ya haɗa shi da ƙanƙara a tunanin mutane? Lokaci. Karen da ya dawo daga guje-guje cikin zafi yana haki, yana kwankwaɗar ruwa da sauri, yana haɗiyar iska tare da shi. A daidai wannan lokacin ne kuma mai shi yakan jefa ƙanƙara a kwano. Idan ciki ya kumbura, ƙanƙarar ce abin da ido ya gani, sai laifi ya hau kanta. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne yawan ruwan da saurin shan sa. Karen da ya galabaita a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a dakata 'yan mintoci, a ƙara, har hakinsa ya lafa. Hasali ma, ƙanƙarar da kare ke lasa tana rage saurin shigar ruwa cikinsa.

Alamomin murɗewar tumbi sun cancanci kowane mai babban kare ya haddace su: kakarin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, ciki ya kumbura ya yi tauri musamman bayan haƙarƙari, dalalar miyau, kasa zama wuri ɗaya, dasashi ya koɗe. Wanda ya ga haka ya nufi asibitin dabbobi nan take, ko da tsakar dare ne, ko an ba karen ƙanƙara ko ba a ba shi ba.

## Shaƙewa da amai

Ana cewa ai ƙanƙara narkewa take, ba za ta shaƙe kare ba. Tana narkewa, amma dunƙulen da ya toshe hanyar iska yana buƙatar mintoci kafin ya ragu, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska na mintoci. Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne ƙananan karnuka, da masu gajeren hanci irin su buldog da pug waɗanda dama maƙogwaronsu a matse yake, da tsofaffin da haƙoransu suka zube, da masu lalurar haɗiya. Jefa wa kare ƙanƙara ya cafe a sama yana ƙara haɗarin, domin tana da santsi, kuma bakinsa a wangame yake yana jan numfashi.

Wasu karnuka kuma da zarar sun haɗiye ƙanƙara da yawa sai su amayo ruwa da gutsattsarinta bayan 'yan mintoci, saboda sanyin ya dami tumbi. Idan sau ɗaya ne kuma kare ya ci gaba da harkarsa, rage yawan ya wadatar. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza a bushe tana iya manne wa harshe ko leɓe. Idan ta manne a zuba ruwa a kai ta saki da kanta, kada a fizge.

## Ƙanƙara da karen da zafi ya buge

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 41, kayan ciki sun fara lalacewa. A irin wannan hali mutane sukan ruga su ɗebo ƙanƙara su tura masa a baki, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa hakan ba ya isa. Dunƙule guda na ƙanƙara bai wuce giram 30 ba. Kafin ya narke ya kai zafin jiki, zafin da zai zuƙe daga kare mai kilo 20 zai sauke zafin jikinsa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na digiri guda kawai, alhali jikin yana ci gaba da samar da wani zafin. Giram ɗaya na ruwa idan ya bushe daga fata ko harshe yana kwashe zafi kusan ninki bakwai na wanda giram ɗaya na ƙanƙara ke kwashewa wajen narkewa. Saboda haka jiƙa kare da ruwa a sa shi gaban iska ya fi cusa masa ƙanƙara amfani nesa ba kusa ba. Ga kuma haɗarin cewa karen da ya fara fita hayyacinsa ba ya iya haɗiya daidai, ruwan yana iya bi ta hanyar huhu.

A nan ma an sami sauyin ra'ayi tsakanin masana. Tsohuwar shawara ita ce a yi amfani da ruwa mai ɗan sanyi kawai, a guji mai sanyi sosai, bisa hujjar cewa sanyi mai tsanani yana tsuke jijiyoyin jinin fata ya kulle zafi a ciki. Masu bincike a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan sun fito da saƙo a 'yan shekarun nan cewa a fara sanyaya kare tukuna kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma kare matashi mai lafiya ana iya tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi, kai a waje. Tsoho, ko mai wata lalura, ko wanda ya suma, a riƙa kwara masa ruwa ana yi masa fifita ko a kunna fanka. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bar shi, domin tawul yana hana ruwa bushewa, kuma a dakatar da sanyayawa idan ma'auni ya sauko wajen 39.5 don kada ya zarce. Ko da kare ya farfaɗo ya miƙe, a kai shi likita, saboda illar zafi a ƙoda da daskarewar jini tana iya bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

## Lokacin da son ƙanƙara yake nuna ciwo

Karen da tun yana ƙarami yake murna da ƙanƙara bai nuna komai ba. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne wanda bai damu da ita ba a da, sai kwatsam ya koma neman ta ido rufe, yana kuma shanye ruwan kwano yana lasar duk inda ya ga danshi. A nan ƙishirwa ce take magana.

Kare mai lafiya yana shan kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato lita ɗaya zuwa ɗaya da ɗan ɗori ga mai kilo 20, ya ɗan ƙaru lokacin zafi ko bayan motsa jiki. Idan ya wuce mililita 100 a kowane kilo, likitoci suna ɗaukar sa a matsayin ƙishirwar ciwo. Gwajin mai sauƙi ne: a auna ruwan da aka zuba da safe, a auna abin da ya rage washegari, a maimaita kwana biyu ko uku, a tafi wa likita da adadin. Ciwon suga, ciwon ƙoda da yawan kotisol (sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa lokacin damuwa) duk suna farawa da yawan sha da yawan fitsari. Karyar da ba a cire wa mahaifa ba, idan ta fara haka makonni kaɗan bayan ta gama lokacin barbara, a yi zargin taruwar mugunya a mahaifa, wanda lamarin gaggawa ne. Wasu magunguna kamar prednisolone da furosemide su ma suna kawo ƙishirwa. Wannan lissafi yana nuna wani abu kuma: kare mai kilo 20 sai ya ci dunƙule kusan 40 kafin ya sami ruwan yini guda, don haka ƙanƙara ba ta maye gurbin kwanon ruwa.

A wajen mutane, matsanancin kwaɗayin tauna ƙanƙara sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, shi ya sa wasu masu karnuka suke tsorata. A kare, ƙarancin jini ya fi bayyana ta hanyar kasala, saurin gajiya, cin ƙasa ko lasar siminti da duwatsu. A ɗaga leɓensa a duba: dasashi mai lafiya ruwan hoda ne mai danshi, kuma idan aka danna da yatsa ya yi fari, launin yakan dawo kafin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya koɗe ko ya yi rawaya yana buƙatar gwajin jini.

## Abin da yake cikin ƙanƙarar

Daskarewa ba ta tsarkake ruwa. Ƙwayoyin cuta da yawa suna kwanciya ne kawai a cikin sanyi su farfaɗo idan ta narke, don haka ruwan da bai dace kare ya sha ba bai dace a yi masa ƙanƙara da shi ba. Ƙanƙarar da aka tsamo daga kofin wani abin sha tana ɗauke da abin da ke cikin kofin, kuma giya, kofi, shayi da cakulan duk suna cutar da kare. Zaƙin roba mai suna zailitol, da ake sa wa kayan da aka rubuta "babu suga", yana faɗar da sugan jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci kuma yana iya lalata hanta. Masu daskarar da romo don kare su tabbata babu albasa ko tafarnuwa a ciki, domin suna fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma babu gishiri mai yawa. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe masa ƙoda.

Jakar sanyi da ake ɗorawa a kan targaɗe ba ruwa zalla ba ne a cikinta, kuma kare yana iya huda ta ya lashe. Busasshiyar ƙanƙara da ake jigilar magunguna da ita, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona baki da maƙogwaro nan take. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba kuma, wadda take kan titi takan haɗu da gishirin narkar da ita da ruwan hana injin mota daskarewa, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe kare.

## Inda likitoci suka rabu, da abin da mai kare zai yi

Ƙwararrun haƙori sun fi tsanani. Su ne suke ganin karyayyun haƙora kullum, kuma ƙa'idarsu ita ce duk abin da farcen babban yatsa ba zai iya lotsa shi ba, ko wanda mutum ba zai so a buga masa a gwiwa ba, ya yi wa haƙorin kare tauri. Dunƙulen ƙanƙara ya faɗi wannan gwaji. Likitocin da ke duba dabbobi gaba ɗaya sun fi sassauci: suna ganin karnuka da yawa sun shekara suna tauna ƙanƙara ba abin da ya same su, ƙanƙara ba ta sa ƙiba kamar sauran abin marmari, kuma tana taimaka wa karen da ke amai ya sami ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da ya tayar da cikinsa ba. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya gani. Sai dai idan aka auna, amfanin da ake nema, wato sanyi da ruwa da wasa, duk ana samun sa a farfasasshiyar ƙanƙara, ita kuwa karyewar haƙori da dunƙule take zuwa. Saboda haka canza siffar ƙanƙarar ya warware mafi yawan saɓanin.

A aikace, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a daddaka ta, ko a niƙa, har gutsattsarin su zama ba su fi ƙwayar wake ba ga ƙaramin kare. Idan dunƙule za a bayar, a ɗauraye shi da ruwa a bar shi minti biyu ko uku ya fara narkewa, a sa a kwano, kare yana tsaye ko kwance cikin natsuwa, mai shi yana kallo. Cokali ɗaya ko biyu na farfasasshiya ya ishi ƙaramin kare a lokaci guda, babba kuma cikin tafin hannu. Wata dabarar ita ce a daskarar da ruwa a babban kwano ya zama ƙaton dunƙule da ya fi ƙarfin bakin karen, sai dai ya lasa, a ɗauke idan ya narke ya kai girman da zai shiga tsakanin turame. Mai jefa dunƙule a kwanon ruwa ya lura ko karensa mai tsamowa ne ya tauna.

Kwikwiyo mai fitar da haƙori ya fi dacewa da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, aka murɗa, aka sa a firiza, ko abin wasa na roba mai laushi da aka sanyaya, a karɓe da zarar ya fara yaga shi. Karen da ya taɓa karya haƙori, ko aka yi masa ciko, ko dasashinsa ke ciwo, ko ya tsufa, a tsaya a ruwan sanyi da niƙaƙƙiyar ƙanƙara.

Wanda karensa ya daɗe yana tauna dunƙule ya riƙa duba bakinsa sau ɗaya a mako. Ba sai an buɗe bakin ba: a ɗaga leɓen sama a ja shi baya zuwa wajen kunne, babban haƙorin zai bayyana daidai ƙasan ido, a kwatanta na dama da na hagu. Idan an ga ɓantarewa, ɗigo ja ko baƙi, ko canjin launi, a koma ba shi abinci mai laushi a kai shi likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a ba shi maganin ciwo na mutane kafin nan: ibuprofen da diclofenac suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol kuma yana cutar da hantarsa idan ba likita ne ya auna adadin ba.